Sallamar Sarkin Dako

Ni dai tun ina yaro ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Uwata kan ce ko barci nake, ƙafata tana tafiya. To, a shekarar da na fito daga lakwal, wato makarantar boko, na kama aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Maraɗi, wannan hali nawa ya samu abin yi. Lokacin Faransawa ke mulki, garin kuma bai daɗe da hawowa tudu ba bayan ruwa ya cinye tsohon gari, duk inda ka juya gini ake yi. Aikina in zauna kusa da sikeli in rubuta abin da aka auna. Ni ne ƙarami a biro, wato ofis, ni kuma ake aike in taba ta ƙare wa manya.

Da ciniki ya zo ƙarshe, zafi ya fara sauka, sai Baturen da ke shugabancin wurin ya tara mu. Ya ce sarkin dako zai bar aiki, gwiwoyinsa sun gaza, yana so a yi masa feti ranar rufe ciniki, a ci a sha a sallame shi da mutunci. Ya tambayi wa zai tsaya a kai. Nan take manyan akawuna kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Ni da ban san dawan garin ba na ɗaga kai don in ga me ya sa aka yi shiru, idona ya faɗa cikin na Bature. Shi ke nan, aiki ya zama nawa, alhali ko bikin suna ban taɓa tsayawa a kai ba.

Sarkin dako shi ne shugaban mutanen da ke kwashe buhuna daga sikeli zuwa mangaza, wato sito, daga mangaza kuma su loda wa motoci. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya yawan magana. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki. A shekarar nan in zai tashi daga zaune sai ya dafa bango, amma duk da haka in ya yi gyaran murya kowane ɗan dako sai ya gyara tsayuwa.

Tun daga ranar kowa ya zama gwanin biki. Babban akawu ya ce sai an aro kujeru daga lakwal. Direba ya ce fetin da ba garmaho ai zaman makoki ne. Mai gadi ya ce makaɗa sai na Tibiri, na Maraɗi hayaniya kawai suka iya. Kukun Bature ya ce a nemo farin ƙyalle a shimfiɗa a tebur. Kowa ya faɗi tasa in ce to, in ɗora wa kaina. Ban sa kowa komai ba, don a ganina wane ni in aiki mutanen da suka yi sa'a da ubana? Sai in hau keken kamfani in nufi kasuwa duba raguna, ina cikin taya rago in tuna ba ni da tukwane, in bar mai rago da baki buɗe in yi unguwar masu tukwane, kafin in kai in tuna itace. In yini ina yawo in dawo ba rago, ba tukunya, ba itace, sai ciwon ƙugu. Abinci ya daina shiga. Ina salla ina tunanin tabarmi, har sai na ji liman ya yi sallama in farga.

Wata rana da azahar ina tsaye a filin kamfani ina harare-hararen inda za a kafa rumfa, sai na ji muryar sarkin dako daga inuwar mangaza. Su duk akawu mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci.

"Mushe ƙarami, zo ka zamna. Kallonka ma gajiyar da ni yakai."

Na je na tsuguna gefensa, ƙafata tana rawa don akwai mai kujeru da ke jirana. Bai kula ba, ya shiga ba ni labarinsa a hankali. Shi mutumin Jiratawa ne. Gidansu Anna ne, wato masu bin al'adar kakanni, wansa ne babban gida, shi ke riƙe da gona, shi ke yin yankan gida kafin shuka. Wata shekara ta yunwa, ga haraji a wuya, sai shi ƙanen ya ajiye hauya ya shigo Maraɗi dako. Da niyyar rani ɗaya ya zo, sai zama ya miƙe, ya kama salla, ya yi aure a birni. Wan ya ce raggo ne, gudun noma ya yi ya bar shi da tsofaffi da yara. Tun ranar da aka binne uwarsu magana ba ta sake haɗa su ba. Yanzu ga ƙarfi ya ƙare. Ɗakin da yake ciki a Sabon Gari na aro ne, don aikin kamfani aka ba shi. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen mazajensu. In ya bar aiki ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa in ba gidan ubansa ba.

Ya ce, "Kujera da garmaho duk naku na. Ni abu guda nika so. Wana shi zo shi gani da idonai, ba yawon banza niz zo yi Maraɗi ba. In ya gani, wataƙila shi buɗe min ƙohwa."

Na ce, "Baba, me zai hana ka je da kanka ka gaya masa?"

"In nit tahi yaj juya min baya gaban ɗiyanai, ƙohwa ta ruhe har mutuwa. In kai yak kora, yaro yak kora."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. Ga kayan da nake ta nishi a ƙarƙashinsu, ga wani an ƙaro wanda ya fi su duka nauyi.

Washegari na shirya tafiya Jiratawa. Na ce tunda wurin dattijo za ni, bari in yi shigar da za a ɗauke ni da muhimmanci. Na sa kakina da ya sha guga, na ari hular kwano wurin babban akawu, na ɗaure goro a bayan keke. Da na gangara fadama na tarar da mutane cike da garake, ana ban ruwan albasa da taba. Ina matsowa sai in ga namiji ya ajiye guga ya shige bayan shinge. Na gaba ma haka. Kafin in kai cikin gari ba sauran namiji mai ƙarfi, sai mata da awaki. Ban tuna ba cewa aikin tilas bai daɗe da ƙarewa ba, kuma a ƙauye in an ga kaki a kan keke, to ko haraji ne ko an zo kwasar samari. Na tambayi wata mata gidan da nake nema, ta dube ni ido cikin ido ta ce ai mutanen gidan nan duk sun mutu tun bara.

Da ƙyar na samu wan sarkin dako a gindin wata tsamiya yana tufkar igiya. Dogo ne siriri, amma fuskar ta ƙanensa ce sak. Na cire hula, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya jira na sha, hannunsa bai bar igiya ba.

"Yaro, wa ka kirana? In Nasara na, shi aiko gardi shi ɗaure ni. In ƙanena na, ya san hanya."

Ya ci gaba da tufkarsa, goron ma bai taɓa ba. Na kwashi ƙafata na hau keke, hular kwano a rataye a hannu don kunya ta hana ni mayar da ita.

Bayan la'asar na je Sabon Gari na gaya wa sarkin dako yadda aka yi. Ya ce Allah shi yi mini albarka, na yi ƙoƙari. Wannan godiya ta fi mini zagi ciwo. Na miƙe zan tafi, sai matarsa ta yi magana daga bayan zana.

"Ɗan nan, tsaya. Mutum guda ta duk duniya ka iya gaya wa tsohon nan magana shi haɗiye. Ɗiyar gwaggonsu, tana nan Tibiri tana saida daddawa. Taubashiyarsu ta."

Duk Bahaushe ya san taubashi. Ɗan mace da ɗan namiji, 'ya'yan wa da ƙanwa, suna zagin juna, su ƙwace wa juna kaya, ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Wanda ya yi fushi da taubashinsa shi za a yi wa dariya. Na ga hanya, amma na ga ramin da ke cikinta. Biki ya matso, in na tafi Tibiri na sake komawa Jiratawa, wa zai ji da raguna da rumfa da sauran tarkacen da ban gama ko ɗaya ba?

Dole ce ta kai ni wurin 'yan dako. Na same su suna hutawa a gindin tarin buhuna, na nufi mataimakin tsohon, wani ƙato mai ƙaramar murya, ina sosa ƙeya. Na ce don Allah ko zai taimaka mini da zancen raguna. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Sai yau, mushe? Ubanmu za a sallama, ka bar mu zamne muna kallonka kana kai da kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Mu har mun ce ko ba a son hannunmu ciki."

Ashe abin da na ɗauka ladabi ne, su raini suka ɗauke shi. A wurinsu wanda ba a ba aiki a biki ba, ba a gayyace shi ba. Kafin in gama ba da haƙuri sun raba komai a tsakaninsu. Wannan ya ce surukinsa mahauci ne, wancan ya ce matansu za su zo da tukwanensu, wani ya ɗauki itace, wasu suka ce rumfa ai aikin safiya ɗaya ce. Mataimakin ya ce kiɗa da wasa a bar masa. Garmaho da farin ƙyalle kuwa na jefar da su a nan, ban sake waiwayarsu ba. Na ji sanyi a raina, ko da yake har da ɗan haushi, ganin abin da ya hana ni cin abinci mutane sun gama shi suna sakace.

A Tibiri ban sha wuyar samun tsohuwar ba, warin daddawa ya kai ni har ƙofarta. 'Yar ƙarama ce, da zanen Gobirawa a kumatu, bakinta ja wur da goro. Ta saurare ni har ƙarshe, da na zo wurin hular kwano ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanga ƙaton banza? Ai so yakai shi zo, hanya ta ba shi da ita. Ran biki ka kai ni Jiratawa da sassahe. Kuma in kas sake sa kakin nan, ni da kaina zan tuɓe ma shi."

Na tambaye ta dabarar da za ta yi. Ta ce in kama bakina, yaro ba ya tambayar manya abin da ke cikin tukunya.

Ranar biki direba ya yarda ya bi da mu a babbar mota, da ma zai kwaso ragowar buhuna ta wajen. Na sa riga da 'yar hula irin ta kowa. Muna isa Jiratawa, tun daga ƙofar gidan wan tsohuwa ta fara tsiya. Ta ce ina mushen tsohon nan, har yanzu bai mutu an huta ba? Daga ciki muka ji ya amsa, wai baiwar gidansu ce ta zo, a ba ta tsintsiya. Gida ya kaure da dariya. Ta zauna ta sha fura, ta kushe furar, ta kushe rumbu, ta kushe haƙoransa. Zancen Maraɗi ko sau ɗaya ba ta yi ba. Ni kuwa ina tsugune a gefe, rana tana hawa, ina ta tunanin ko an yanka ragunan.

Can ta miƙe kamar za ta zaga, ta nufi turke. Akwai wani jaki fari mai ƙiba, da gani ka san ɗan lelen mai gida ne. Ta kwance shi, ta sa wata jikarsa ta tallafa mata ta hau.

"Ƙahwata na ciwo, ni na yi Maraɗi cin nama. In kana son jakinka ka biyo ni kamfanin gyaɗa, in ba haka ba gobe fatake su wuce da shi."

Tsoho ya miƙe yana ashar, yana kiran 'ya'yansa su tare ta. Ba wanda ya motsa, kowa ya juya baya kafaɗa tana rawa, don wa zai sa hannu a rigimar taubasai? Ta zunguri jaki ta fice. Da ta zo daidai ni ta ce in bi mota in koma bakin aikina. Ina hawa mota na waiwaya, sai na ga tsohon ya koma ya zauna, ya jawo igiyarsa ya ci gaba da tufka. Haka na yi ta waiwaye har garin ya ɓace.

Na tarar da filin kamfani ya canza. Rumfa ta tsayu, tabarmi a shimfiɗe, mata sun jera tukwane ƙanshi yana tashi, makaɗa suna ɗaure ganguna. Ba abin da ya rage mini in yi, kuma wannan ya fi komai wahalar da ni. In je bakin ƙofa in leƙa hanya, in dawo in gyara tabarmar da ba ta karkace ba, in sake komawa ƙofa. Sarkin dako yana zaune a tsakiya cikin farar riga, mutane suna zuwa gaishe shi, yana amsawa amma idonsa yana kan ƙofa.

Bayan azahar tsohuwa ta iso a kan jaki, ita kaɗai. Na tare ta da gudu na ce ina yake? Ta ce in bar shi sai ya gama zagi. Ta ja jakin da kanta har can ƙarshen fili, bayan tarin buhuna, ta ɗaure.

La'asar ta yi, Bature ya fito yana duba agogo, ya ce a fara. Ni ne tafinta. Allah ya yafe mini, amma ranar duk jimlar da ya faɗa sai da na haifa mata 'ya'ya. Ya ce tsoho ma'aikaci ne nagari, ni kuwa na ɗauko tun daga kakanninsa. Har Bature ya juyo ya dube ni, yana mamakin yadda Hausa ke da tsawo. Duk jan da na yi, jawabi ya ƙare. Aka ba tsoho kyautar bargo, aka fito da abinci. Kowa ya sa hannu ban da shi. Ya ɗauki tsokar nama ya riƙe, ya mayar. Na kasa kallonsa, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai mataimaki ya ɗaga hannu, ganguna suka ɗauka. Wasan da ya shirya ke nan. An jingina katako a jikin tarin buhuna, 'yan dako suka tuɓe riguna, kowa a ɗora masa buhu a ka ya ruga da gudu ya haye katakon har ƙoli ya jefar, na baya yana biye. Ƙasa tana girgiza, katako yana lanƙwasa, gumi yana zuba, suna yi suna kiran sarkinsu da kirari, suna cewa shi ya koya musu. Ina cikin kallo wani ya taɓa ni ya nuna ƙofa.

Wan ne, yana tsaye da sandarsa, ƙafafunsa sun yi fari fat har gwiwa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi jakinsa ya zo ɗauka, ba wani abu ba. Tsohuwa ta nuna masa can ƙarshen fili da leɓe, ta ci gaba da cin namanta. Ba yadda zai kai wurin sai ya ratsa tsakiyar taro. Ya taho yana dogara sanda, kansa a sama, bai dubi rumfa ba. Da ya zo daidai katakon sai wani ɗan dako ya wuce ta gabansa da gudu, buhu a ka, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa. Tsoho ya ja ya tsaya. Ya kalli na biyu ya wuce, ya kalli na bayansa. Ya ɗaga kai ya dubi tsawon tarin.

Makaɗa suka sassauta, har suka yi shiru. Ya jingine sandarsa, ya nufi wani buhu da ke yashe a ƙasa, ya kama kunnuwansa biyu. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da hauya, ba raggo ba ne. Ya yunƙura, buhun ya taso zuwa gwiwa, ya suɓuce ya faɗi tim. Ya tsaya yana haki yana kallonsa. Ba wanda ya yi dariya, har tsohuwar.

Sarkin dako ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya taka a hankali har gaban wansa, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, na ji ƙararsu daga inda nake.

"Yaya, sannu da hanya."

Wan ya miƙa hannu ya dafa bayan wuyan ƙanensa, inda fata ta yi kanta ta taurare kamar wuyan san noma. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

"Wanga kaya kaka ɗauka tun ran da kat tahi?"

"Shi na, Yaya."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya juya ya je ya kwance jakinsa, ya jawo shi har gaban ƙanen da ke durƙushe, ya miƙa masa igiyar.

"Tashi ka hau. Ni na taka."

'Yan dako suka ɗaga shi suka ɗora. Matarsa ta fito daga cikin mata tana share ido da gefen zane, ta ce su je, ita za ta biyo da kaya. Ni ma hawaye nake, ban ɓoye ba. Suka nufi ƙofa, ƙane a kan jaki da farar rigarsa, wa a gaba da sanda yana ta faɗa wai an sa shi tafiyar da bai shirya ba.

Bature ya matso kusa da ni, ya ce me ke faruwa, ba a gama feti ba, ina mai feti za shi?

Na ce, gida.